Kwamfuta Ba Fanka, Ba Ma'adana: Yadda Na Haɗa Na'urori Uku Marasa Ƙara a Gidanmu

Tsohuwar kwamfutar tebur da na koyi rubuta manhaja a kanta fanka uku gare ta: ɗaya a kan furosesa, ɗaya a cikin akwatin wuta, ɗaya a bayanta. Da rana hayaniyar gida takan rufe ƙararsu. Amma idan dare ya tsala, lokacin da na fi jin daɗin aiki, sai ka ji kamar an kunna injin markaɗe a layin baya. Ɗakina kuma bango ɗaya ne da na Umma. Wata safiya na je gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Wai kai wannan injin naka ba ya barci ne? Ko niƙa ka fara karɓa da daddare?"

Na yi dariya, amma na san magana ce aka faɗa min. Sai na tara kuɗi na sayi Raspberry Pi 4, 'yar kwamfutar nan da faɗinta bai wuce katin ATM ba. Ƙara ta ɗauke, kowa ya samu barci. Bayan wata huɗu aka ɗauke wuta daidai lokacin da take rubutu a kan katin memori, da aka dawo da ita sai ta ƙi tashi. Aikin mako biyu na wata manhajar lissafin kaya da nake yi wa wani mai shago ya tafi da katin, ga shi na riga na karɓi rabin kuɗin. A daidai wannan lokaci ƙanwata ta fara shirin JAMB, tana bukatar sabawa da kibod da linzami, Abba kuma yana son a haɗa masa abin kallo a talabijin ɗin falo.

Abin da na ƙare da shi shi ne: na'urori uku a ɗakuna uku, babu fanka a cikinsu, babu ma'adana, ko katin memori babu. Duk abin da suke bukata suna ɗauko shi ne ta waya daga wata kwamfuta guda da na ajiye a sito. Ga yadda abin yake.

Me ke kawo ƙara tun farko?

Abu biyu ne ke motsi a cikin kwamfuta: fanka, da ma'adana irin ta da mai faifai a ciki, wadda ke juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Ka cire su, ka cire ƙara.

Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita shaida ce. Ita ma kwamfuta ce, kuma ba ka taɓa jin ta yi gurnani ba. Dalili kuwa, kusan duk wutar da furosesa ya ci zafi take komawa. Furosesan waya wuta kaɗan yake ci, don haka jikin wayar kaɗai ya isa ya fitar da zafin. Idan ya yi yawa, kamar lokacin da ka daɗe kana gem a rana, sai ta rage wa kanta gudu har ta huce. Wannan dabarar ce za mu ɗauko mu kai kan tebur: furosesa mai cin wuta kaɗan, a cikin gida na ƙarfe mai zuƙe zafi.

Ga mu da ke zaune inda hunturu ke zuwa da ƙura, akwai riba ta biyu. Fanka ba iska kaɗai take ja ba, har da ƙasa. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a watan Fabrairu ya ga yadda ƙura ke daskarewa a ciki kamar auduga. Na'urar da ba ta jan iska ba ta tara wannan.

Na'urorin da za su iya wannan aiki

*Raspberry Pi.* Wata gidauniya ce a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fara fitar da ita a 2012 don koyar da yara kwamfuta. Samfurin Pi 4, wanda ya fito a 2019, shi ya fi dacewa da wannan aiki: yana da ramin wayar LAN mai gudun gigabit, kuma yana cin kusan wat 3 idan yana zaune ba aiki. Pi 5 na 2023 ya fi shi sauri sosai, amma ya fi zafi, har masu shi suna ba da shawarar a sa masa fanka idan aikin mai nauyi ne.

*Ƙananan kwamfutocin ofis na hannu.* Bankuna da manyan ofisoshi a Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da wasu 'yan akwatuna da aka ƙera musamman don su dogara da babbar kwamfuta. Idan sun sabunta kayansu, tsofaffin sukan shigo kasuwar kayan gwanjo. HP t620, HP t630, Dell Wyse 3040 da Fujitsu Futro S920 duk ba su da fanka. Ka tabbatar an haɗo maka da cajarsu ta asali.

*Sababbin ƙananan kwamfutoci masu Intel N100.* Wannan furosesa ya fito a farkon 2023, an tsara shi a kan wat 6. Sun fi sauran ƙarfi da tsada. Sai dai ka lura, da yawansu suna da 'yar fanka a ɓoye. Kada ka yarda da hoton kwali, ka sa a kunna maka ka kara kunne.

Ni na haɗa Pi 4 guda biyu, ɗaya a ɗakina ɗaya a falo, sai HP t620 a teburin ƙanwata.

Zafin bazara ba ya wasa

A nan ne bidiyoyin Turawa za su iya yaudararka. Na'ura marar fanka tana hucewa ne saboda jikinta ya fi iskar ɗakin zafi. Wanda ya gwada tasa a ɗaki mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas ba ɗaya yake da kai ba, da ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda zafi ke haura 40. Pi 4 tana fara rage gudu idan furosesa ya kai digiri 80, kuma ba ta yarda ya wuce 85. Ratar da ke gare ka ƙarama ce.

Don haka kada ka sa ta a gidan roba. Ka nemi na alminiyam wanda ke taɓa furosesa kai tsaye, irin na Flirc, ko mai tsaga-tsaga irin na jikin injin babur. Aikin tsagar ɗaya ne a duka biyun: ƙara faɗin ƙarfen da iska ke shafa. Kada ka manta da ɗan laushin nan da ake mannawa tsakanin furosesa da ƙarfe, shi ne gadar da zafi ke bi.

Sauran kuma wurin ajiya ne. Kada ka maƙale ta a bayan talabijin inda zafi ke taruwa, kada ka kulle ta a durowa, kada rana ta riƙa dukanta ta taga. Sannan ka roƙi mutanen gida kada a lulluɓe ta. Umma ta taɓa yafa wa ta falo ɗan kyallen ado irin wanda ake rufe rediyo da shi, don kada ƙura ta ɓata ta. Da na taɓa ta da yamma sai da na janye hannu. Idan kana son ganin zafinta, ka rubuta `vcgencmd measure_temp`.

Ta yaya kwamfutar da ba ta da ma'adana za ta tashi?

Kafin komai, bari in kawar da tambayar da kowa ke fara yi min: a'a, ba ta cin data. Hirar tsakanin na'urorin cikin gida ce, ta wayar LAN, ba ta fita waje. Ko babu intanet gaba ɗaya za su tashi su yi aiki. Sai ka buɗe YouTube ne data za ta fara tafiya, kamar kullum.

Ka ɗauki gidan gandu. Ba kowane ɗaki ke ɗora tukunya ba. Girki ɗaya ake yi, kowa ya aiko da kwanonsa. Kwamfutar da ke riƙe da tukunyar ita ake kira uwar garke. Sauran kwanuka ne kawai.

Dabarar ta girmi yawancinmu. Tun shekarun 1980 kamfanin Sun Microsystems na Amurka yake sayar da kwamfutoci marasa ma'adana, lokacin da faifai ke da tsadar gaske, kuma shi ya ƙirƙiro tsarin NFS a 1984 don raba fayiloli ta waya. Daga baya Intel ya fito da tsarin PXE, wanda sigarsa ta 2.1 ta fito a 1999. Shi ya sa kusan kowace kwamfutar ofis take da zaɓin tashi ta wayar LAN a cikin BIOS, ko da mai ita bai taɓa lura ba.

Idan ka kunna na'urar, abu huɗu ne ke faruwa a jere:

1. Wata 'yar manhaja da ke daskare a jikin allonta tun daga masana'anta takan farka, ta yi shela ta cikin waya tana neman adireshi.
2. Tsarin DHCP ya amsa mata da adireshin IP, a kuma gaya mata inda uwar garke take.
3. Ta ɗauko fayilolin farko, ciki har da zuciyar Linux, ta hanyar TFTP. Wannan tsari ne mai sauƙi ƙwarai, ba ya tambayar suna ko kalmar sirri. Ɗan aike ne kawai.
4. Da Linux ta kama aiki, sai ta jingina da wata folda da ke kan uwar garke ta hanyar NFS, ta ɗauke ta a matsayin ma'adanarta.

Ka riƙe wannan: lissafin a na'urar gabanka ake yin sa, da furosesanta da RAM ɗinta. Ajiya kaɗai ce ke can.

Kayan haɗi

Uwar garke ba ta bukatar zama sabuwa. Tawa tsohuwar laftof ce da allonta ya tsage, na sa mata SSD. Na zaɓe ta ne saboda batirinta: idan an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take. Tana da fanka, amma tana sito inda ba mai kwana. Ka duba cewa ramin LAN ɗinta na gigabit ne, domin wasu tsofaffin megabit 100 kawai suke yi.

Sai suwic, akwatin da ke raba layi ga na'urori. Mai rami biyar ko takwas ya isa, kuma irin waɗannan ƙananan ba su da fanka. Sai wayar LAN ta Cat5e ko Cat6, wadda za ta iya tafiyar mita 100 ba matsala. Wi-Fi ba zai yi ba, domin Pi 4 ta waya kaɗai take iya tashi irin wannan. Idan kuma 'yar MiFi ta aljihu ce da kai, marar ramin LAN, sai dai uwar garken ta riƙa raba adireshi da kanta.

Matakan haɗawa a taƙaice

Na farko, ka sa wa uwar garke Debian ko Ubuntu, ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, misali 192.168.1.10. Ka sauke manhajoji biyu: `dnsmasq` da `nfs-kernel-server`.

Na biyu, ka tayar da Pi da katin memori sau ɗaya tak. Ka shiga `raspi-config`, ka je wurin jerin tashi ka zaɓi na wayar LAN. Wannan saiti a jikin allon yake zama, ba a kan kati ba. Ka kuma rubuta `cat /proc/cpuinfo` ka kwafe haruffa takwas na ƙarshen lambar siriyal ɗinta.

Na uku, ka kwafe duk abin da ke kan katin zuwa wata folda a uwar garke, misali `/nfs/falo`, ka buɗe ta ga NFS. Fayilolin tashi kuma ka zuba su a `/tftpboot`, cikin folda mai sunan haruffan nan takwas. Da wannan suna kowace Pi ke gane kwanonta.

Na huɗu, saitin `dnsmasq`:

```
port=0
dhcp-range=192.168.1.255,proxy
enable-tftp
tftp-root=/tftpboot
pxe-service=0,"Raspberry Pi Boot"
```

Na biyar, ka gyara fayil ɗin `cmdline.txt` ya nuna sabuwar ma'adana, duka a layi ɗaya:

```
console=tty1 root=/dev/nfs nfsroot=192.168.1.10:/nfs/falo,vers=3 rw ip=dhcp rootwait
```

Ka goge layukan da ke ambaton katin memori a cikin `/etc/fstab` na kwafin, in ba haka ba za ta tsaya tana jiran katin da babu shi. Daga nan ka zare kati, ka kunna.

Ga kwamfutoci irin HP t620 kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce LTSP, manhaja kyauta da aka fara a 1999 aka sake rubuta ta a 2019, wadda makarantu da dama a ƙasar Girka ke amfani da ita. Tana haɗa hoton babbar manhaja guda ɗaya da duk na'urori za su tashi da shi. Kai dai ka kunna PXE a BIOS.

Kalma ɗaya da ta tayar da gida

Ka sake duba layi na biyu na saitin can. Kalmar `proxy` tana gaya wa uwar garke: kada ki raba adireshi, aikin rauta ne, ke dai ki nuna inda fayilolin tashi suke. A gwajina na farko ban fahimci haka ba, sai na rubuta jerin adireshi na sosai. Gida ya zama da masu rabon adireshi biyu. Duk wayar da uwar garke ta riga rauta amsa mata, sai ta nuna alamar Wi-Fi cike amma ba abin da ke buɗewa.

Kafin magariba an gama yanke hukunci cewa wani ya shanye datar wata. Ƙanena ya sha tuhuma har ya yi rantsuwa. Ƙanwata ce ta leƙo ɗakina ta ce, "Yaya, tun da ka ja wayar nan zuwa sito abin ya fara." Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka: sai da na fito na amsa laifi a gaban kowa. Idan za ka yi gwaji, ka fara a suwic na daban wanda ba ya haɗe da rautar gida.

Abin da na samu

Shiru shi ne na farko, amma ba shi ne babba ba. Babba shi ne yanzu ɗauke wuta ba ya ba ni tsoro. Idan na'urar ɗakina ta mutu ba shiri, abin da ban adana ba ne kawai zai tafi. Ma'adanar tana can a kan laftof mai batir, babu katin da zai lalace.

Na biyu, ban yi asarar sauri ba. Layin gigabit a lissafi yana ɗaukar megabait 125 a daƙiƙa, ramin katin Pi 4 kuwa ba ya wuce 50. Sai dai ka sani cewa na'urorin duka layi ɗaya na uwar garke suke rabawa, don haka idan sun tashi a tare za ka ga ɗan jinkiri.

Na uku, na'urar ɗaki ba ta riƙe komai. In ta ƙone, ko wani ya sa ta a aljihu ya fita, ƙarfe kawai ya ɗauka. Ka kawo wata, ka canza sunan folda zuwa sabuwar lambar siriyal, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kwafin ajiya ma wuri ɗaya nake yi, ba uku ba.

Na huɗu, wuta. Pi biyu a zaune kusan wat 6 ne, a awa goma wat-awa 60 ke nan. Ƙaramin batirin sola zai riƙe su. Allon kallon ne ma ya fi su ci. Idan suwic ɗinka mai PoE ne, wato mai tura wuta ta cikin wayar LAN, waya ɗaya ta isa kowane ɗaki, kuma batir ɗaya a sito zai riƙe duka. Amma ka kula: allon PoE da masu Raspberry Pi suka ƙera yana zuwa da 'yar fanka. Mai son shiru sai ya sayi ɗan akwatin da ke raba wuta da layi a waje.

Inda gizo ke saƙar

Ban kawar da haɗari ba, tattara shi na yi wuri guda. Ranar da uwar garke ta kwanta, na'urori uku sun kwanta. Ko suwic kaɗai ya rasa wuta, duka za su daskare har ya dawo, don haka shi ma na haɗa shi da ƙaramin batir irin na rauta. Kuma duk ranar Juma'a ina kwafe komai zuwa wata ma'adana da nake cirewa in ajiye daban. Wanda ya taɓa asarar aikin mako biyu ba ya bukatar a tuna masa.

Akwai batun tsaro. TFTP ba ya tambayar kowa, NFS ma a saitin da aka saba adireshi kawai yake dubawa. Duk wanda ke kan layin gidanku, in ya san hanya, zai iya leƙa foldar. Ka taƙaita ta ga adireshin na'urorinka kaɗai, baƙi kuma ka ba su Wi-Fi na baƙi.

RAM ma abin lura ne. Kwamfuta mai ma'adana takan ari wuri a kanta idan RAM ya cika, amma yin hakan ta waya ba shi da daɗi. Dell Wyse 3040 mai gigabait 2 za ta wahala idan ka buɗe shafuka da yawa. Ka nemi gigabait 4 zuwa sama don aikin yau da kullum. Kuma kada ka sa ran tace bidiyo ko manyan gem. Waɗannan na'urori na rubutu ne, da karatu, da koyon manhaja, da kallo.

Sai jan waya, wanda ya fi komai cin rai. Na yi yini biyu a kan tsani ina bin bango da ƙusa.

Wa ya kamata ya gwada?

Idan kwamfuta ɗaya kake bukata, kada ka wahalar da kanka. Ka sayi marar fanka, ka sa mata SSD, shi ke nan. Wannan tsari yana fara biyan wahalarsa ne daga na'ura biyu ko uku: gida mai ɗalibai, shagon buga takardu, ko 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a unguwa.

Kuma ba sai ka kashe ko sisi ba kafin ka koya. Idan kana da laftof, ko ta aro ce, ka sauke VirtualBox kyauta, ka ƙirƙiri kwamfutoci biyu na gwaji a ciki, ɗaya uwar garke, ɗaya ba ma'adana, ka haɗa su a layi na ciki. Ranar da ka ga ta biyun ta tashi daga babu, za ka fahimci DHCP da TFTP da NFS fiye da yadda kowane bidiyo zai koya maka. Ilimi ne kuma da ake nema a duk inda ake kula da kwamfutoci da yawa.

Manhajar mai shagon nan sai da na sake rubuta ta daga farko, na kai masa a makare tare da ban haƙuri. Ƙanwata yanzu tana buga rubutu ba ta kallon kibod. Kwanakin baya Umma ta shigo ɗakina wajen ƙarfe ɗaya na dare ta tarar da allo a kunne ina aiki. Ta tsaya ta saurara, ta duba ƙarƙashin tebur, sannan ta ce, "To ina injin?" Na nuna mata ɗan akwatin da ke gefen kofin shayina. Ta ce, "Allah Ya yi albarka. Saura kai ma ka koyi barci."